Ƙyauren Ɗakin Tsoho Dou

Ailian ta ɗebo kunun gero a cokali za ta kai bakin surukinta ke nan, sai wani ɗan ɓarɓashin ƙasa ya faɗo cikin kwanon. Ta sa yatsa ta tsame shi, ta goge a gefen wandonta, ta ci gaba da hura cokalin kamar ba ta ga komai ba. Kafin tsohon ya haɗiye, wani ya sake faɗowa, wannan karon a kan bargo.

"Buɗe baki, Baba. Saura kaɗan."

Tsoho Dou ya buɗe rabin bakin da ke motsi. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye maganarsa ta koma gurnanin da ita ta fi kowa ganewa, idanunsa kuma sun yi yana har ba ya bambanta ɗansa da kujera. Kunnuwan ne dai suka ƙi tsufa. Ana cikin wannan kuma ya zamo daga gado ya karya ƙugu, likita ya ce a bar shi kwance samɓal, kada wanda ya kuskura ya lanƙwasa shi. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ke shan harara in kunu ya yi zafi. Ba za ta ce tana ƙaunarsa ba, don mutum ne mai zafin rai tun yana da ƙarfinsa. Amma ta saba da shi, kuma ba ta son wani abu ya same shi a hannunta.

Ta ɗaga kai a hankali. Can bayan kansa, inda rufin ɗakin ya lanƙwaso ya haɗu da bango, akwai wata tsaga da ta bayyana tun da ruwan nan ya kankama. Shekaranjiya ta liƙa mata jar takarda da ruwan fulawa, kamar yadda kowa ke yi, don in ƙasa ta fara motsi takarda ce ke fara tona mata asiri. Jiya takardar lafiya lau take. Yanzu ta rabe biyu, kuma yatsa zai shiga tsakani.

Ta share masa baki, ta ajiye kwanon, ta fita.

Gidan irin na ƙauyen ne tun kaka da kakanni, wawakeken rami mai kusurwa huɗu, an rarake ɗakuna a cikin bangonsa, rufinsu kuwa ƙasar da mutane ke takawa a sama ce. Kwana da kwanaki ke nan ana tsula ruwan da ba a saba gani ba a lokacin girbin tuffa. Rijiyar tsakar gida da ke shanye ruwan sama ta ƙoshi tun jiya, ta fara amayar da shi. Mijinta Mandun, uban 'yarsu Yan, na tsaye cikin ruwa har idon sawu, yana kwarfa da bokiti, ya hau da shi sama ya zubar, ya dawo ya tarar da wanda ya fi shi.

"Baban Yan, takardar ta yage."

"Danshi ne ya yaga ta."

"Danshin ne kuma ya buɗa bango har yatsana na shiga? Ajiye bokitin nan ka zo ka gani."

"Maman Yan, kakan kakana ne ya haƙa gidan nan. Ya ga ruwan da ya fi wannan."

"Ya gani lokacin da ake bin samansa da mulmulallen dutse ana daddaɓewa bayan kowane ruwa. Kai yaushe rabonka da jan dutsen? Ciyawa ta kai gwiwa a bisa kan ubanka, ɓeraye sun kafa gari, kai kana gonar tuffa."

Mandun ya kau da kai. Mutum ne mai sanyi, irin wanda ko an taka shi sai ya ba da haƙuri, kuma furfura ta cika masa kai amma har yau in uban ya yi gyaran murya sai ya miƙe tsaye. Ya sunkuya zai sake cika bokiti.

Sai suka ji shi. Ba wata ƙara ba ce mai yawa, a tafin ƙafa ma suka fi jin ta, wani irin dum, kamar an yar da buhun hatsi a ɗaki na kusa. Ruwan tsakar gida ya yi rawa. Rumman biyu suka faɗo daga bishiyar da ke tsakiya. Karensu da ya yini kwance a ƙofar madafa ya tashi, ya bi gangaren fita da gudu, bai ko waiwayo ba.

"Gidan su Han ne," in ji Mandun, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ai ba kowa a ciki. Sun daɗe da tashi."

"Bango ɗaya ne tsakaninmu da su."

Ba a jima ba lasifikar ƙauye ta fara ƙara. Shugaban ƙauye ne, muryarsa ta dushe don ihu: duk wanda ke gidan rami ya fito yanzu-yanzu ya nufi makarantar firamare, kada a tsaya ɗaukar kaya, kada wanda ya jira motar asibiti, ruwa ya cinye hanyar gari.

Suka dubi juna, sannan suka dubi ɗakin tsohon.

"Zan goya shi," in ji Mandun.

"Ka goya ƙugun da ya karye? Kafin ka kai sama ka raba shi biyu."

"To a bargo. Ki kama can, in kama nan."

"Ya lotsa a tsakiya kamar kifi a koma."

"Tsani fa?"

"Tsanin da bai taɓa wuce kwanar gangare ba sai an zuro shi da igiya ta sama?" Ta san abin da ya rage, shi ma ya sani, don tun ɗazu yake kauce wa kallon wajen. Ta nuna da haɓa. "Ƙyaure."

"Kada ki sake furtawa."

A ƙauyen nan ba a barin mutum ya cika a kan gadon ƙasa, irin wanda ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Wanda ransa ya fita a kai, in ji manya, zai tafi lahira da gadon ɗaure a bayansa, da tubalinsa da tokarsa, ba mai sauke masa. Saboda haka in aka ga numfashi ya fara sarƙewa sai a ɗaga ƙyauren ɗakin daga gurbinsa, a shimfiɗa shi, a sauko da mutum a kai ya ƙarasa. Ba a ɗora mai rai a kan ƙyaure don wani dalili ban da wannan. Yaro ma in ya kwanta a kai da wasa sai ya sha mari.

Suna tsaye cirko-cirko sai ga Gwaggo Fen, ƙanwar tsohon, ta gangaro da lema, tana dafa bango tana zagin santsi. Tun da 'ya'yanta suka gina mata gidan bulo a sama ta ɗauki kanta alƙalin duk wanda ya rage a rami.

"Ku kurame ne? Ba ku ji lasifika ba? Ina yayana?"

Mandun ya sunkuyar da kai ya gaya mata. Gwaggo ta juyo ta ƙare wa Ailian kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe dai kin gaji da wankin kashinsa."

"Gwaggo, ki ji tsoron Mai Sama. Ɗakin zai rufta ne."

"In ya rufta, ƙasar ubansa ce ta rufe shi. In kika ɗora shi a kan ƙyaure, ke kika kashe shi da hannunki, kuma gari duka zai gani."

"Ai zan yi masa bayani. Kunnensa ras yake. In ce Baba, ɗaki ne ke yoyo, za mu kai ka sama kafin ruwa ya ɗauke."

Gwaggo ta yi wata dariya marar daɗi. "Ɗaki na yoyo! Ke kin manta ne, ko kina so ki manta? Ranar da ya sauke matarsa me ya ce mata? Ba ke ce kika riƙe ƙafar ƙyauren ba?"

Ailian ta tuna. Rani ne ma a lokacin, ko gajimare babu a sama, tsohon ya sunkuya kan matarsa ya ce da wata murya mai taushi da ba a san shi da ita ba, uwar Mandun, ɗakin ne ke yoyo, bari mu matsar da ke. Tsohuwar ta ce to, ta rufe ido. Kafin magariba an gama.

"Babanmu kuma ce masa aka yi za a yi wa gado yaɓe," in ji Gwaggo. "Kowa da ƙaryar da ake yi masa, 'yar nan, kuma kowa ya san ta. Je ki gaya masa gaskiyarki mu ga yadda za ta bambanta."

Gaba kura, baya sayaki. Ailian ta juya ta koma ɗakin don ta sake duba tsagar, ko za ta ga ta tsaya. Da ta tura ƙyauren sai ya ƙi. Ɗazu-ɗazu da yatsa ɗaya take buɗe shi. Ta sa kafaɗa, ya buɗe da ƙyar yana kartar dokin ƙofa, wata ƙasa mai laushi ta zubo mata a ka. Ta ɗaga ido ta ga katakon saman ƙofar ya fara yin ciki.

Ta tsaya a nan. Bangon ne ke zaunawa a kan ƙofar. In aka ƙara jira, ko sun so cire ƙyauren ba zai ciru ba, daga nan kuma ƙofar kanta ba za ta buɗu ba.

Ta ɗauko ƙotar fartanya a jikin bango.

"Maman Yan!"

"In ba za ka kama ba, matsa."

Ta zura ƙotar a ƙarƙashin ƙyauren ta danna da dukkan nauyinta. Ya ƙi. Ta sake dannawa har ta ji wani abu ya amsa a bayanta. Sai tsohon katakon ya yi wata doguwar ƙara, ƙiiii, ya fita daga gurbinsa ya jingino a kafaɗarta. Gwaggo ta dafe baki. Duk wanda ya girma a ƙauyen ya san wannan ƙara, kuma ba ya fatan jin ta a gidansu.

Gurnanin da tsohon ke yi tun ɗazu ya ɗauke.

Ailian ta durƙusa a bakin gadon. "Baba, ka saurare ni da kyau. Ba abin da kake zato ba ne. Bango ne ya tsage a bayan kanka. Ka ji faɗuwar gidan su Han ɗazu, ai ka ji? Namu ne zai bi." Ta dumtso ƙasar da ta taru a kan bargo, ta buɗe hannunsa mai lafiya ta zuba masa. "Taɓa ka ji. Daga rufi take zubowa. Na rantse da ran Yan, Baba, jikarka, ba ƙarya nake maka ba."

Ya murza ƙasar a hankali tsakanin yatsunsa, ya bar ta ta zube. Ƙasa ai ko'ina akwai ta. Ya juyo da fararen idanunsa wajen da ya ji numfashin ɗansa, ya yi magana, kuma rabon da a ji kalma ta fita tar daga bakinsa har an manta.

"Yau ne?"

Mandun ya fashe da kuka kamar yaro. Da ya daure ya ce a'a, wataƙila da an samu wata kafa. Amma kuka ya yi, tsohon kuma ya ji, ya gyaɗa kai.

"Share hawayenka ka kama kafaɗunsa, sakarai!" in ji Ailian. "Gwaggo, riƙe ƙugun. In za ki tsine mini ki bari mu kai sama."

Suka zame shi da shimfiɗarsa zuwa kan ƙyauren. Bai yi ko uhum ba, shi da kullum in an juya shi sai maƙwabta sun ji. Suka fito da shi tsakar gida, Mandun a gaba, Ailian a baya, Gwaggo na tare masa ruwa da lema. Gangaren fita duhu ne, matsattse, taɓo na gudu a kansa. A kwanar ƙafar Ailian ta zame, gwiwarta ta daki dutse, duk nauyin ya dawo kan ƙirjinta, ta cije ta miƙe. Ta riƙa jin numfashinsa dab da fuskarta, a hankali, a hankali, kamar na mai barci. Hakan ya fi ba ta tsoro fiye da bangon.

Da suka ɓullo sama, hanya cike take da mutane masu tafiya makaranta, wasu da kaji a hammata, wasu da talabijin a lulluɓe cikin leda. Wata tsohuwa daga unguwar yamma ce ta fara hango ƙyauren. Ta yar da ƙunshinta ta zube a taɓo ta rangaɗa kuka, irin mai jan murya da ake yi wa mamaci, tana kiran sunansa, tana cewa ya tafi ya bar su. Wasu mata biyu suka karɓa.

"Ku yi mana shiru!" in ji Ailian da ƙarfi. "Da ransa! Lafiyarsa ƙalau!"

"Ku dakata, ku dakata," wani dattijo ya ce wa matan, shi a ganinsa gyara yake yi. "Bai cika ba tukuna."

Maza suka cire huluna suka buɗa musu hanya. Haka aka ratsa da Tsoho Dou ta tsakiyar ƙauyensu, kowa na sunkuyar da kai in sun zo wucewa, yana kwance yana jin komai.

A makaranta an haɗa tebura an yi shimfiɗa a kai saboda marasa lafiya. Da aka zo mayar da shi kan teburin sai aka tarar ya damƙe gefen ƙyauren da hannunsa na hagu. Mandun ya lallaɓa, shugaban ƙauye ya zo da kansa ya rantse masa cewa gidaje uku ne suka rufta yau, har ya ambaci sunayen masu su. Tsohon ya saurara da ladabi, yadda ake sauraron masu zuwa sallama, bai saki ba. Dole aka ɗora ƙyauren a kan benci biyu aka bar shi.

Ailian ta samo kunu mai zafi a wajen masu dafa wa jama'a. Ta hura, ta kai bakinsa.

"Baba, ɗan kurɓi kaɗan."

Ya datse leɓe. Ba da fushi ba, da ma fushin ne da ta ji daɗi, don ta san yadda ake bi da fushinsa. Ya ɗago hannu ya shafa bayan nata hannun sau ɗaya, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Godiya yake mata. Ta ajiye kwanon ta fita da sauri don kada ta yi ihu a gaban mutane.

Wajen la'asar ruwan ya ɗauke. Gajimare ya yage ta yamma, rana ta fito jawur, tururi na tashi daga gonaki. Ailian ta ɗingisa ta koma gida, ta tsaya a bakin ɗan gajeren ginin da ya kewaye ramin, ta leƙa. Ruwan tsakar gida ya fara janyewa. Ga bishiyar rumman, ga bokitin Mandun a kife, ga ɗakin tsohon da bakinsa a wangale, ƙyaure babu. Yana nan tsaye. Ko ɓallin yaɓe bai faɗo daga fuskarsa ba.

Ba ta taɓa tsanar wani abu kamar yadda ta tsani ɗakin nan a lokacin ba. Da zai rufta yanzu, da ƙarar za ta kai makaranta, tsohon zai ji ta a bayansa ta cikin katako, ya san ba ta yi masa ƙarya ba. Ta zagaya ta shiga cikin ciyawar da ke daidai saman gadonsa. Ta buga ƙafa. Ta sake bugawa. Ta tattara ƙarfinta ta yi tsalle ta dira da ƙafa biyu, gwiwar na yi mata zogi, ta sake, ta sake, macen da ta kusa samun jika tana tsalle cikin taɓo kamar mai taɓin hankali.

"Faɗi mana! Faɗi, tsinanne!"

"Maman Yan."

Mandun ne a bayanta, idanunsa sun kumbura. Bai tambaye ta me take yi ba.

"Baba ne ya daddaɓe wurin nan da hannunsa, shekara da shekaru," ya ce. "Zai iya kaiwa gobe. Zai iya kaiwa baɗi."

Ta tsaya tana haki. "Ya sha kunun?"

Ya girgiza kai. "Kayansa yake nema. Na tafiya, waɗanda Inna ta ɗinka masa kafin ta rasu. Gwaggo ta ce ƙafafunsa sun fara sanyi, kuma kin san ba a sa wa mutum su sai da sauran numfashinsa."

"Ina suke?"

Ya dubi ƙasar da take tsaye a kai. "A akwatin da ke bayan gadon. Na ce zan ɗauko, ya ƙi. Ya ce ni ban san ninkinsu ba, zan yamutsa." "Ya ce ke. Wai ke kaɗai ce a gidan nan ba kya jin tsoron yin abin da ya kamata."

Ailian ta daɗe tana kallon baƙin bakin ɗakin can ƙasa. Daga nan ta tuɓe takalmanta da taɓo ya yi wa nauyi, ta miƙa masa.

"Koma wajensa," ta ce. "Kada ya cika ba ɗansa a kusa."

Ta dafa bango, ta fara gangarawa.